Da gaske ne Utada Hikaru dare ɗaya ta yi suna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. 'Yata mai shekara 16 tana rubuta waƙoƙi, yanzu ta kafe sai ta bar makaranta. Hujjarta wata mawaƙiyar Japan, Utada Hikaru, wai tana 'yar shekara 15 aka gano ta, ta wayi gari duniya ta san ta. Ga kuma wani ya ce mu ba shi kuɗi zai haɗa ta da kamfanin waƙa na waje. Wallahi barci ya ƙaurace mini. Labarin nan gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Shekarun da ta faɗa miki daidai ne. An haifi Utada a New York a 1983, waƙarta Automatic ta fito a Disambar 1998 ta hannun kamfanin Toshiba-EMI, aka sayar da kwafi sama da miliyan 2. A Maris 1999 kundinta First Love ya biyo baya, ya haura miliyan 7 a cikin Japan kaɗai, kuma har yau babu kundin da ya kamo shi a ƙasar.

Kalmar "gano ta" ce ba ta da tushe, kuma ita ce nake fama da ita kusan kullum. Ba a bakin titi aka tsinci yarinyar nan ba. Mahaifiyarta, Keiko Fuji, shahararriyar mawaƙiyar enka ce (wani salon waƙar Japan mai kama da na gargajiya), wadda kundinta na farko ya yi mako 20 a jere yana kan gaba a jadawalin Oricon, mai jera faifan da suka fi kasuwa a Japan, a 1970. Mahaifinta, Teruzane Utada, furodusa ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A sutudiyo ta tashi, tun tana ƙarama suke naɗar waƙa su uku da sunan U3. Ta kuma yi kundi guda da Turanci, Precious, da sunan Cubic U. A Amurka ko fitowa bai yi ba a lokacin, a Japan kuma da ya fito farkon 1998 bai yi wata kasuwa ba. Wannan faɗuwar masu yanko labari a TikTok ba sa ambatarta, don ba ta da daɗin ji. Sai su kawo miki ƙarshen kawai, ki ɗauka dare ɗaya Allah ya yi Bature. Ki ƙara da cewa 1998 ita ce shekarar da cinikin faifan CD ya kai ƙololuwa a Japan. Ko ita Utada, da yau ta fara, ba za ta tarar da waccan kasuwar ba.

Wannan tatsuniya ita ce jarin masu damfara. Muddin yaro ya yarda cewa mutum ɗaya ne zai hango shi ya ɗaga shi, to duk wanda ya zo da kati da romon baka ya samu abinci. Na gaji da ganin iyaye sun sayar da fili ko awaki saboda "kuɗin rajista", "kuɗin fom", "kuɗin tura murya". Kamfani na gaskiya shi ke zuba kuɗin naɗi da talla, ya fanshe daga ciniki. Wanda ya fara da miƙo miki hannu, ke ce kasuwarsa, ba waƙar 'yarki ba. Ki tambaye shi sunan kamfanin, da mawaƙi ɗaya da ya taɓa kaiwa, ki ga yadda zai fara kame-kame.

Abin da ya kamata 'yarki ta ɗauka a wurin Utada shi ne ita ke rubuta waƙoƙinta da kanta. A Japan akwai hukumar JASRAC tun 1939, mai karɓar wa marubuta waƙa haƙƙinsu idan an sa ta a rediyo ko gidan karaoke, inda mutane ke bin kiɗa suna rera waƙa da kansu. Wato rubutun waƙa dukiya ce, saboda haka 'yarki ta adana rubutunta da kwanan wata, kada ta sa hannu a kowace takarda sai lauya ya duba wanda zai mallaki waƙoƙin.

Batun makaranta kuwa, ki gaya mata Utada tana tsakiyar wancan cinikin na miliyoyi ta kammala sakandare a makarantar Amurkawa ta Tokyo a 2000, har ta shiga Jami'ar Columbia, ko da yake daga baya ta bar ta. Sakandaren dai ba ta bari ba.