Injinka lafiyarsa ƙalau, awo ne ba ka yi

Tambaya: Ina da shagon buga hoto a Kano. Manyan hotunan biki da nake bugawa a kan ƙyallen kanbas sukan fito a gajarce, su kasa cika firam ɗin da kafinta ya riga ya haɗa. Cikin wata uku na yi asarar guda shida. Ina so in ci bashi in sayi sabon inji. Me ka gani?

Amsa: Malam, kada ka ci bashin nan. Kanbas ne yake shan tawada, in ya bushe ya tsuke, musamman mai yawan auduga, kuma ya fi tsukewa ta tsawo, wato ta inda naɗin ƙyallen yake shiga inji. Ko sabon injin Epson ko Canon ka kawo, haka zai yi maka.

Abin da ya dame ni shi ne, hoto shida ka zubar amma ba ka gaya mini santimita nawa kowanne ya rage ba. Ba ka auna ba, ba ka rubuta ba, sai ga ka kana maganar bashi. Nan kuɗinka ya zube.

Gobe ka buga layi mai tsawon santimita 100 a kan ƙyallen da kake aiki da shi. Shafa masa man kariya in ka saba shafawa, ka bar shi ya kwana, sannan ka ɗora tef ɗin awo. In ya ba ka 99, ka ƙara kashi 1 cikin 100 a tsawon hoto kaɗai a manhajar gyaran hoto ta Photoshop, kada ka taɓa faɗin sai ka auna shi daban. A hoto mai inci 60, wannan ɗan kashin santimita ɗaya da rabi ne, ya isa ya bar farin gefe kusa da goggoron amarya. Ka kuma bar kamar santimita 5 kowane ɓangare don naɗewa bayan katako.

Sayi littafi ka riƙa rubuta irin ƙyallen, ranar, da abin da ya rage. Sabon naɗi, sabon awo. Na hunturu daban, na damina daban, don auduga tana bin laima.

Na san wani mai shago da ya sa kafinta ya haɗa masa firam ashirin lokacin zaɓe, bai buga hoto ko ɗaya ba tukuna. Duka sai da aka warware aka sake yankawa, ranar kai kaya ta wuce, wanda ya ba shi aikin ya riƙe cikon kuɗi. Kai ka fara bugawa, ya bushe, ka auna, sannan ka kira kafinta.