Ka je kawai, sifika ba ta kama ƙafar zauren

Ɗan uwa ka ce an ba ka tikitin kiɗan okestra, wato kiɗan babban taron makaɗa irin na Turawa, kana tsoron za ka gaji tunda ba waƙa ba rawa. Wallahi ka je. Ni ma haka na ɗauka kafin in shiga, amma abin da kake ji a waya daban, na zaure daban.

Makaɗa kusan 80 ne ko fiye a gabanka kuma yawanci ba makirfo, sautin daga katako da tsirkiya da tagulla yake fitowa kai tsaye. Tun kafin a fara mai busa obo, wani abin busa mai kama da algaita, zai ja sauti ɗaya, kowa ya daidaita kayansa a kai, sai jagoran ya ɗaga ɗan sandansa wuri ya yi tsit har numfashin na kusa da kai kana ji, to lokacin da masu goge suka ja baka tare kamar hannu ɗaya sai da tsikar jikina ta tashi, manyan gangunan baya kuwa a ƙirji nake jin su ba a kunne ba.

Abu ɗaya dai, kiɗan kashi-kashi ne, misali simfoni (dogon kiɗan okestra) na 5 na Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus, da aka fara kaɗawa a Biyana, babban birnin Austria, a 1808 kashi huɗu ne, kuma ba a tafa hannu a tsakani. Ka jira jagoran ya sauke hannu ya juyo. Ka kashe waya, ka isa da wuri don in an fara sai an tsagaita za a bar ka ka shiga. Kusan awa biyu ne da hutu a tsakiya.