Baƙaƙen Melanesiya masu gashi ruwan zinare

Malam kana tambaya wai ko bayi ne aka kwaso daga Afirka, a'a wallahi, kakanninsu sun fara isa yankin Melanesiya ne ta Papuwa Niyu Gini wajen shekara 50,000 da suka wuce, sai daga baya aka isa sauran tsibiran, su tsibiran Solomon, Banuwatu da Fiji kenan. Sunan Melanesiya ma daga Girkanci ne, ma'anarsa tsibiran baƙaƙe.

Gashin nan kuma da kake gani a hoto, yaro baƙi wuluk amma kansa kamar zinare, ba rini bane kuma ba daga Turawa suka gado ba, wani canji ne a ƙwayar halittar TYRP1 mai alaƙa da launin gashi da fata, masana sun gano shi a 2012. Har jinin tsoffin mutanen Denisoba, wani jinsin mutanen da can da ya riga ya ƙare, ma suna da shi, wajen kashi 4 cikin 100.