Likita Ya Amsa: Borin Jini Bayan Cin Kirefish

Tambaya: Likita, ina zuba garin kirefish a kunun ɗana mai shekara biyu. Sau biyu ke nan yana sha leɓensa ya kumbura, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu. Ko rashin dahuwa ne? Daga wata uwa, Ƙofar Marusa.

Amsa: Malama, ba laifin girkinki ba ne. A cikin tsokar kirefish da danginsa, irin su jatan lande da ƙaguwa, akwai wani furotin mai suna turofomayosin. Siriri ne, igiya biyu a murɗe, yana kwance a jikin wani zaren tsoka yana tsare wurin da wani zaren daban zai kama, sai sinadarin kalsiyam ya iso ya sa ya gusa, tsokar ta motsa. Mu ma muna da namu, amma na waɗannan halittu ya bambanta, shi ya sa garkuwar jikin wasu ke ɗaukarsa abokin gaba. Tun 1993 aka tabbatar shi ne babban mai haddasa wannan bori. Wuta ba ta kashe shi, shanya ma haka. Ki daina ba shi gaba ɗaya, ki kuma sanar da maƙwabta da dangi, domin ɗan kaɗan a miya ya isa. Piriton na rage ƙaiƙayi kawai. In kika ga numfashinsa na sarƙewa, ko muryarsa ta dushe, ko ya yi laushi, kada a tsaya shafa man ja. A garzaya Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko asibiti mafi kusa, allurar adiranalin yake buƙata.

Tambaya: Mai wannan matsala zai iya cin tarwaɗa? Daga wani magidanci, Ƙofar Sauri.

Amsa: Galibi zai iya, Alhaji. Furotin da ke tayar da borin kifi daban ne. A dai kula da man suya da aka haɗa su ciki.

Tambaya: Ban taɓa cin jatan lande ba sai a Legas, kuma a ranar jikina ya tashi. Ta yaya? Daga wani direba, Daura.

Amsa: Mai yiwuwa jikinka ya san furotin ɗin tun a gida. Kyankyaso da ƙananan ƙwarin ƙurar katifa suna ɗauke da irinsa, kusan kamarsu ɗaya. Mai asma da ƙura ke tayar wa ya fi kowa dacewa da yin hattara.

Tambaya: Me ya sa makankari, abin ruwan nan mai ɓawo biyu, ke rufe bakinsa tsawon sa'o'i bai gaji ba? Daga wata ɗaliba, Daura.

Amsa: Wannan ta fi kama da tambayar jarrabawa, 'yata, amma ta burge ni. Tsokarsa tana da yanayin da zaruruwan ke maƙale wa juna kamar an sa sakata, ba tare da cinye ƙarfin jiki sosai ba, har sai sinadarin serotonin ya sake su. Amfanin sanin haka ga mai saye: wanda aka tarar a buɗe, aka ƙwanƙwasa bai rufe ba, matacce ne, kada a dafa shi.