Zato, sani da faɗuwar da ta zo daidai da zama

Wata ɗaliba daga Zariya ta rubuto: "Malam, a ajin falsafa an karantar da mu labarin Edmund Gettier, wanda ya ce mutum na iya yarda da abu, abin ya zama gaskiya, yana da hujja kuma, amma a ce bai sani ba. Ba wannan ne Bahaushe yake nufi da 'zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya' ba?"

'Yata, kin kusa, amma da sauran rina a kaba.

Gettier Ba'amurke ne, an haife shi a Baltimore a 1927, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Cornell. Yana koyarwa a Jami'ar Wayne State ta Detroit ya fitar da wata muƙala a mujallar Analysis a 1963, shafi uku kacal. Daga baya ya koma Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, ya rasu a 2021, kuma bai buga wani abin a zo a gani ba bayan wannan muƙala. Mu da ake ƙirga mana muƙalu kafin ƙarin girma, wannan labari kan ɗan sosa mana rai.

Ga misalin da ya kawo. Smith da Jones suna neman aiki ɗaya. Shugaban kamfanin da bakinsa ya shaida wa Smith cewa Jones za a ɗauka. Smith kuma ya ƙirga kuɗin aljihun Jones da hannunsa, tsaba goma cif. Sai ya ce a ransa, wanda za a ɗauka yana da tsaba goma a aljihu. Ashe shi Smith ɗin za a ɗauka, kuma a aljihunsa akwai tsaba goma da bai san da su ba. Maganarsa ta fito daidai, amma wa zai ce ya sani?

To duba karin maganar taki. Zaton da take hana mu shi ne na wanda ba ya da madogara: ka ga maƙwabci ya shigo da sabon babur, ka ce ai da wata a ƙasa. Ko daga baya an kama shi da sata, kai dai ka yi zato, domin ranar da ka faɗa ba ka da komai a hannu sai zuciyarka. Smith kuwa ba haka yake ba. Jiyau ne, daga bakin mai yanke hukunci ya ji. Ganau ne kuma, shi ya ƙirga. Ko alƙali ba zai kira wannan zato ba. A ganina karin maganar da ta dace da shi ita ce "faɗuwa ta zo daidai da zama": hujjarsa ta bi wata hanya, gaskiya ta biyo wata, suka yi kiciɓis a ƙofa ɗaya. Kalmar da muke da ita ita ce dace, ko katari. Shi ya sa idan yaro ya canki amsa a aji malami kan ce masa, "Dace ka yi, ba sani ka yi ba." Bambancin kawai, yaron ya san cankar ya yi, Smith kuwa rantsuwa zai yi cewa ya sani.

Wani mai karatu daga Maraɗi kuma ya tambaya: "Tunda 'gani ya kori ji', me ya sa muke cewa 'na ji' idan mun fahimta?"

Ai muna cewa "na gane" ma, ɗan'uwa. Sai dai ji a Hausa faɗi gare shi: ana jin ƙara, ana jin wari, ana jin zaƙi, ana jin sanyi, har Hausar kanta jin ta ake yi. Jin da gani ya kora shi ne na "an ce, ka ce", labarin da ya bi ta bakuna kafin ya iso ka. Wanda ya ɗanɗana miya ya ji gishiri ya yi yawa, kallon tukunya ba zai sauya masa magana ba.