Rajistar suna ta ishe ki, amma kada ki bar wa mai kafe imel

Tambaya: Shekara biyu ke nan ina sayar da atamfa da turaren wuta a Instagram da WhatsApp. Wani mai kafen intanet ya ce in kawo kuɗi ya buɗe min kamfani. In yi? Daga wata 'yar kasuwa, Zariya.

Amsa: Hajiya, dakata tukuna. Rajista iri biyu ce ta shafe ki a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci. Akwai ta sunan kasuwanci, wadda a cikinta ke da kasuwarki duk abu ɗaya ne, in bashi ya hau ke za a biyo har gida. Akwai ta kamfani mai Ltd a ƙarshe, wanda doka ke kallo a matsayin mutum daban, kuma tun dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 mutum ɗaya ma yana iya buɗe shi. Sai dai ya fi tsada, ya fi takardu. Tunda ba abokin tarayya gare ki ba, ba kuma kwangila kike nema ba, rajistar suna ta ishe ki buɗe asusun banki da sunan shagon.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne mai kafen nan. Mutanenmu sai su miƙa lambar NIN da hoto da sa hannu, su tafi cin kasuwa, shi kuma ya cike komai da imel ɗinsa da lambar wayarsa. Takardar shaidar CAC yanzu ta intanet ake saukewa, kuma duk shekara sai an shigar da rahoto. Ran da ya canza layi ko ya tashi daga unguwar, ina za ki same shi? Kin iya ɗora hoton atamfa hamsin a rana, amma buɗe Gmail ya gagare ki? Haba Hajiya! Ki zauna kusa da shi, imel naki, lamba taki, kalmar sirri ke za ki buga da hannunki. Ni a littafi nake rubuta tawa, in kulle a durowa.

Tambaya: Ina sana'ar POS a Gusau. Dole ne in yi rajista?

Amsa: Dole ne, Malam. Tun 2024 aka ba da umarnin. Je ka yi.

Tambaya: Rajistar CAC za ta hana a sace min shafin Instagram?

Amsa: Ina! Ɓarawon shafi ba ya tambayar takarda. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an shigar da wata lambar sirri ta daban kafin a shiga shafin, yau ɗin nan, kuma kada ka karanta wa kowa lambar da aka turo maka a waya.