Bugun zane da sassaƙaƙƙen katako: da wanne mai koyo zai fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin zane ne, kuma ina son in fara buga zanena da sassaƙaƙƙen katako. Na ji an ce hanyoyin biyu ne. Mene ne bambancinsu, kuma da wacce ya dace in fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hanyoyin biyu tushensu ɗaya ne, wato ana sassaƙe duk wurin da ake so ya fito fari, a bar layukan zanen a tsaye, a shafa musu tawada, sannan a danna takarda a kai. Aikin masu sassaƙa hatimi ke nan, shi ya sa dole a zana hoton a juye, domin abin da ke dama a katako hagu zai koma a takarda.

Bambancin yana ga fuskar itacen da ake sassaƙawa. A hanya ta farko ana amfani da falanki, wanda aka tsaga bisa tsawon bishiya, jijiyoyin itacen suna kwance. Kayan aikinta wuƙa ce da ƙarafan sassaƙa masu baki kamar harafin V ko U. Idan ƙarfe ya bi jijiya yana tafiya cikin sauƙi, idan kuwa ya gitta ta sai itacen ya nemi ɓantarewa, saboda haka layukan sukan fito da kauri da ƙarfi, wani lokaci har shatin jijiyar ya bayyana a takarda. Ita ce tsohuwar hanya. Da ita aka buga littafin addinin Buddha na ƙasar Sin mai ɗauke da shekarar 868, da ita aka buga hoton karkandar Albrecht Dürer a Jamus a 1515, haka kuma hoton babbar igiyar ruwa na Hokusai a Japan wajen 1831.

A hanya ta biyu ana yanka gungumen ne a gicciye, a yi aiki a fuskar da zoben shekarun bishiyar ke bayyana. A nan jijiyoyin a tsaye suke, babu wadda za ta ja hannu zuwa wani ɓangare, don haka ɗan siririn ƙarfe irin na masu zane a jikin tagulla yana iya fitar da layi siriri kamar gashi ta kowace fuska. Thomas Bewick na Ingila, wanda ya rasu a 1828, shi ya ɗaukaka wannan fasaha da hotunan tsuntsayensa. Itacen da aka fi so shi ne wanda Turawa ke kira boxwood, mai tauri da santsi, sai dai bishiyarsa ba ta kauri, abin da ya sa jaridun Ingila na ƙarni na 19 suke haɗa ƙananan gutsattsari da ƙusoshi masu murɗi idan suna son babban hoto.

A ganina ka fara da falanki. Itacen hanya ta biyu yana da tsada da wuyar samu, kuma ƙanƙantar aikin takan sa mai koyo ya shagala da ƙawata layi tun bai iya raba fari da baƙi ba, alhali rabon nan shi ne ginshiƙin sana'ar. Ka nemi busasshen falanki marar ƙulli a wajen kafinta, ka goge shi da sanfefa har ya yi sumul, kuma ka riƙa wasa ƙarafanka a kai a kai, domin dakusasshen ƙarfe yaga itace yake yi, ga shi da saurin zamewa. Hannun da ke riƙe da katakon ya kasance a bayan bakin ƙarfe koyaushe.

Ba sai kana da injin bugu ba. Ka baza tawadar ɗab'i mai mai a kan gilashi da rola har ta yi siriri, ka shafa a katakon, ka ɗora takarda marar kauri, sannan ka murza bayanta da bayan cokali. Tawada idan ta yi yawa tana cike ƙananan ramuka, sai layukan farin su ɓace. Ka yi bugun gwaji tun sassaƙar ba ta yi nisa ba, saboda abin da aka cire ba ya komawa, amma wanda aka bari ana iya rage shi bayan an ga yadda ya fito a takarda.